Hannun Injiniya a Cikin Akwati

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan yayanmu Injiniya.

Yaya, ranar Litinin da safe na buɗe shago, na share, na kunna kwamfutarsa. Kin san bayan gyaran kwamfuta yana rubutu kyauta a kundin ilimi na intanet, yana bayanin kayan cikin kwamfuta da Hausa. Kowane shafi akwai akwatin bayani a gefe, da gurbin hoto a sama. A shafin RAM, hoton tafin hannunsa ne riƙe da ita, har da tabon ƙunar dalma a babban yatsa. Yakan ce RAM kamar tafin hannu ce, abin da kake aiki da shi yanzu take riƙewa, da an ɗauke wuta ya zube, faifan ajiya kuwa rumbu ne. Kullum sai na buɗe shafin kafin in taɓa sukundireba.

To, ran nan sai na ga an manna sanarwa a kai. Wai hoton ya yi duhu, yatsu sun rufe rabin abin, za a sauya shi in mai shi bai kawo wani ba. Mai shi kuwa yana ƙasa. Karatuna kin san iyakarsa, amma na lallaɓa na rubuta wa masu kula da kundin cewa ya rasu, su bar mana shi. Na ajiye hoton a wayata, sai dai ba ɗaya ba ne. Na shafin shi ya sa shi da kansa, yana tsokanata wai hannunsa ya riga ƙafarsa zaga duniya. Ki taya ni da addu'a.

Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa, ya jikin ƙaramin naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Sun amsa, Yaya, kuma da mutunci. Wani da ban taɓa gani ba ya yi mini ta'aziyya, ya ce Injiniya ne ya koya masa haɗa irin wannan akwatin bayani. Sun sa alamar rasuwa a shafin sunansa. Amma ya ce ɗalibi na bukatar ganin haƙoran RAM ɗin sarai, don kada ya soka ta a juye. Na so in yi gardama, na kasa, domin da wannan maganar Injiniya ya sha ja mini kunne.

Jiya matarsa ta biyo da 'yarsa daga makaranta. Kamar kullum yarinyar ta haye kujerarsa, ta ce in nuna mata hannun Abba. Kafin in lalubo wayata har ta danna kwamfutar da kanta. Sabon hoton ya fito tas, RAM kwance a kan farin tebur, ba kowa. Ta daɗe tana kallo, ba ta yi kuka ba. Sai ta juyo ta ce mini Abba ya ajiye ya tafi.

Ba ni kaɗai na ji ba, Yaya. Uwarta na tsaye a bakin ƙofa, ga kuma mai gyaran waya na kusa da mu, wanda ya shigo aron abin hura ƙura, ya fita bai ɗauka ba.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki,
Auta