Geron da Ke Cikin Igiya

Guci, watan Satumba, 1976

Ya Muttaƙa, hasken idona, ruwan randa a tsakar bazara, ƙamshin ƙasa ranar da aka yi ruwan fari! Sallama da gaisuwa mai yawa daga wadda ba ta taɓa iya kallon fuskarka har ta gama magana ba. Ina fatan Damagaram ta karɓe ka lafiya, kai da injin lissafinka. Ka yafe mini da na rubuta sunanka haka kai tsaye. Ka san a baki ba zan iya ba. Kayen lissafina, littafin rubutun nan, ya rame saboda shafukan da na yage kafin in sami wannan.

An gama girbi a Guci. Gonar Baba ta kwanta kaf, an ɗaure dammuna an kai rumbu, shanun Fulani sun fara leƙen kara. Wuri ɗaya ne ya rage a tsaye: ɗan filin nan mai kusurwa huɗu da ka kafa wa turaku ka zagaye da igiya, ka ce kada kowa ya taɓa ko zangarniya ɗaya a cikinsa sai ka zo da ma'aunin gidan gona ka auna da hannunka. Yana nan a tsakiyar fili shi kaɗai, kamar baƙon da aka manta a tasha. Duk tsuntsun da ya rasa abinci a gonakin gari ya san hanyarsa. Ni ce mai gadinsa. Da safe in ɗauki gwangwani da guntun ice in tafi, in yi ta bugu har hannuna ya yi tsami, jan-baki su tashi su sauka kan gawo su jira in gaji. Wa zai gaya mini, tsakanina da geron nan, wa ya fi wani jira?

Ka tuna ranar da ka kafa shi? Shuka ta kai gwiwa, ka iso a kan mobilet, ɗan babur ɗin nan naka, ƙafafunka duk yashi. Baba ya ja ka gindin gawo inda gero ya fi duhu, don kada a kai sunan gonar Ɗalha birni da kunya. Maƙwabcinmu Illa kuwa ya ce ka auna kan jigawa inda shuka ta ƙi, ko Allah ya sa a sake kawo taimakon hatsi. Ka saurare su duka, ka ce ba kai ke zaɓa ba, ba su ke zaɓa ba. Ka fiddo takardar nan mai cike da lambobi barkatai, ka rufe ido ka ɗora bakin alƙalamin bik, lambar da ta fito ka taka ta da ƙafa daga bakin gona, inda ta ƙare nan ka kafa turke. Aka rasa mai karanta awon igiya, Baba ya nuna ni ya ce ai ga ƴar lakwal, mai karatun boko. Na riƙe baki ɗaya, ka riƙe ɗayan. Ka ce in ja ta miƙe sosai, ta ƙi daina rawa, ka ce iska ce. Ba iska ba ce, ya sanyin raina, hannuna ne!

Da gero ya yi ido ka dawo dubawa, na miƙa hannu zan karyo maka tumu daga ciki. Ka tare ni da sauri, ka ce wanda ke cikin igiya ba naka ba ne, ba nawa ba ne, shi zai yi magana da bakin gonakin Guci duka. Kunya ta kusa kashe ni. Na karyo daga waje, Kaka ta gasa, ka ci kana yabawa ko da yake ya ƙone. A ranar ce ka ce, idonka a kan turke ba a kaina ba, ranar awo ba kai kaɗai za ka zo ba, da kawunka za ka zo ya gaida Baba.  Na gudu gida na bar takalmina ɗaya a kunyar gero.

Mutanen nan suna tsammanin aikinka yawo ne a kan mobilet. Ni na san ba haka ba ne. Hanyar da ta taso daga kwalej zuwa gidan gwaggona a Magariya ba ta bi ta gaban bironku, ofishin gidan gona, ba, ni ce na karkata ta. Ta taga nake hango ka, takardun Sassumbrum da na Mallawa da na Dungas tsibi-tsibi, ka danne kowane da dutse, kana jan layi, kana murza hannun injin lissafi yana ƙara kamar keken tela, yatsunka shuɗaye da takardar karbon. Na ga ranar da jimlar gefe ta ƙi haɗuwa da ta ƙasa, abokan aikinka suka tashi cin abinci, kai ka koma layin farko ka fara sabo. Ka ba ni labarin ƙauyen da ya aiko da yawan gyaɗar da ta fi ƙarfin ƙasarsa. Ba ka goge ba, ba ka kuma yarda ba, ka hau ka je ka gani da idonka, ashe tiya, kwanon awo, suka ƙirga suka rubuta a gurbin buhu. Wannan haƙurin na fara so, tun kafin in san kalar idonka. Na ce a raina, mutumin da ba ya yasar da lamba ɗaya, ina zai yasar da mutum?

Amma akwai abin da ka koya mini wanda na so a ce ban sani ba. Ranar da ka taya ni darasin matsakaici, wanda mushenmu, malamin lissafi, ya kasa sa shi a kaina, ka nuna mini wani gurbi fari a jadawalinka. Ka ce ƙauyen da ba a samu zuwa ba, idan manya suka matsa, akan tara na maƙwabtansa a raba, a rubuta abin da ya fito, a ɗora masa ɗan tauraro a ka, alamar ba a gani da ido ba. Na ce dabara ce mai kyau. Ban san wata rana ita za ta hana ni haɗiye tuwo ba.

Maina direba, wanda zai kawo maka wannan takarda, ya faɗa a kasuwa cewa tun da aka kira ka Damagaram haɗa lissafin jiha duka ba ka ɗaga kai, kuma an ce man mota ya yi kaɗan, ƙauyukan da ke nesa da babbar hanya daga biro za a cike su. Guci nesa take da babbar hanya. Gaskiya ne, ya farin watana? Za ka tara geron Mallawa da na Dungas ka raba biyu ka ce shi ne namu? Geron da na kora wa tsuntsu har muryata ta dishe, ɗan tauraron bik ne zai tsaya a gurbinsa? To ni fa? Wace yarinya za ka tara da wace, ka raba, Huraira ta fito?

Duk daminar nan gawo na zama: kowane ice ya yi kore, ni na zubar da ganye. Yanzu gawon gonarmu ya fara toho, ni ban fara ba. Ƴan matan gari suna ta shirin wasan kaka, suna kirana, ba na jin daɗin ganga. Kaka ta sa maka suna mai turaku. Jiya tana tsince wake ta ce da ni, "Turke huɗu ya kafa, uku na gero ne, na huɗun ke ya ɗaure ya manta da ba ki ruwa." Na yi dariya don kada ta ga idona.

Baba ya yi haƙuri fiye da yadda na zata. Mutumin da ya ga ƴaƴansa suna tonon gidan tururuwa neman ƙwaya a shekarun fari ba ya iya kallon tsuntsu yana cin hatsi. Shekaranjiya ya tsaya a bakin igiya ya daɗe, ya murza zangarniyar da jan-baki suka yi wa sanƙo, ya ce, "Huraira, ban yi noma don tsuntsu ba. Kasuwar Guci ta sama in ta ci bai zo ba, zan sa wuƙa." Na san mahaifina. Wanda ya saɓa masa alkawarin gero, ba zai shimfiɗa wa kawunsa tabarma ba. Ga hutu ya zo ƙarshe, bayan kasuwar nan zan koma Magariya, babu mai buga gwangwani.

Sai kuma Baba ya sassauto. Ya ce mai sayen gyaɗa yana da ma'auni, tun da na yi karatu in yanke in auna in aika maka da lambar, kowa ya huta. Na iya, Muttaƙa. Kai ka koya mini: a sussuke daban, a sheƙe, a shanya, a auna, a cire nauyin buhu. Da na so, da lambar tana ƙasan wannan shafi, ka cike gurbinka babu tauraro, ka huta da yashin hanyarmu. Na sunkuyar da kai na ce aikin hukuma ne, ba a ba ni izini ba. Baba ya dube ni, ya dubi Kaka, tari ya sarƙe Kaka.

Ba zan auna ba. Ban taɓa ƙin yin aikin da aka sa ni ba, a gida ko a lakwal, wannan ne na farko. Ka bar gurbin Guci fari, ya inuwar zuciyata. Ka nemi izinin manyanka, ka hau motar Maina in babu man mobilet, ka taho da ma'auni da kawunka kafin kasuwa ta watse. Tsuntsu ya ci nasa, amma da saura a tsaye.

In kuwa wuƙar Baba ta riga ka, zan tuge turakun da kaina, in naɗe igiyar in sa a ƙasan akwatina, ba kuwa zan miƙa ta ga kowa ba har tsufana.

Taka, wadda har yanzu take riƙe da ɗaya bakin igiyar,

Huraira Ɗalha