Miyar Taushe Babu Albasa a Guangzhou

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa da durƙuso irin na 'ya ga mahaifiyarta. A wasiƙa akan ce ina fata kina lafiya, ni kuwa sai dai in ce ina fata makwancinki ya yalwata, ya yi haske, ya yi sanyi. Shekara shida ke nan rabona da muryarki. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Amma na yi wani abu, kuma tun ina yarinya in na yi abin da ban tabbata da shi ba, ke nake fara gaya wa. Har yau ban iya sauya hali ba.

Daga Guangzhou nake rubuto miki, can ƙasar Sin. Angonki ne ya kawo ni, ɗan farin nawa da har yanzu bakina bai iya kama sunansa ba. Aikinsa tura kayan 'yan kasuwa ta jirgin sama daga filin jirgin Baiyun zuwa Kano. Bayan rasuwarki ya yi aure a nan. 'Yar ƙasar ce, ta musulunta, sunanta Maryam, yarinya mai hankali, har Hausa ta fara kamawa. Sun haifi mace an sa mata sunanki, muna ce mata Walida. Zuwana na uku ke nan, kuma kowane zuwa nakan yi watanni.

Maryam tana da mahaifiya, wata 'yar tsohuwa mai saurin tafiya, mijinta ya daɗe da mutuwa. Walida na ce mata Popo, mu ma muka bi bakin yarinya. Ba musulma ba ce. Tsakanina da ita sai alheri, amma Inna, ban taɓa sa abincinta a bakina ba. In ta zo da miya a kwano sai in karɓa hannu biyu, in yi godiya, in ajiye. Tsoron alade nake, da giyar da suke ɗan ɗigawa a girki. In kuma sun zauna cin nawa, sai in tashi in ba su wuri. A hankali ta rage zuwa. Da na dawo wannan karon, sati biyar ba ta tako gidan ba, sai dai a kai mata jikarta bakin tasha ta gan ta a tsaye.

Angonki ne ya same ni bayan La'asar, yana ta sosa ƙeya. Ya ce tsohuwar ta ce ba za ta ƙara shiga gidan da ake ƙyamarta ba. Maryam kuwa ita kaɗai tsohuwar ta haifa. Ya ce sabuwar shekararsu ta matso, wadda suke kira bikin bazara, kuma a ranar farko Popo ba ta cin duk wani abu mai rai. Ya ce, "Umma, ranar nan kaɗai ce tukunyarku za ta iya zama ɗaya. In ta wuce, ban san kuma yaushe ba." Ya roƙe ni in yi girkin, su kuma su lallaso ta ta zo.

Na ce ya bari in yi shawara. Na kira Yaya Sani a waya, tunda shi ya gaji buzun mahaifinmu Malam, na ce bikin mutane ne ba namu ba, ina tsoro. Ya ce, "Ke biki za ki yi ko zumunci?" Na ce zumunci. Ya ce, "To ɗora tukunya, ki daina cinye min kati."

Sai kuma wata damuwar. Kin san a wurinmu a ce suruka ta zo gidanka ka ajiye mata miya lami, abin faɗa ne har jikoki. Ina cikin haɗiye wannan, Maryam ta ƙara min da cewa ban da albasa, ban da tafarnuwa. Na ce albasar ma rai gare ta? Ta yi dariya, ta ce haka dai masu irin addinin mahaifiyarta suke yi a ranar. Dunƙulen miya ma da na sa aka karanta min rubutun jikinsa, ashe da kaza a ciki. Man shanu ban tabbata ba, na bar shi. Na tsaya a kicin ina kallon hannuna kamar ba ni na yi shekara talatin ina girki ba.

A nan na tuna shekarar da Malam ya kwanta ciwo, wadda muka yi Sallah babu ko ƙashi a gidan. Na tuna ki a tsugune gaban murhu kina soya gyaɗa a kasko har ta yi ja, kina ƙona daddawa a bakin wuta kafin ki daka. Na tambaye ki ina naman, kika ce, "Nama baƙo ne a miya, daddawa ce 'yar gida." Ranar har maƙwabta suka aiko a ƙara musu. Ban san ina koyon abu ba a lokacin, yunwa kawai nake ji.

Garin nan idan bikin ya zo, watsewa yake. Kantunan titin Huanshi Lu duk an ja ƙofofi, 'yan kasuwarmu sun yi rige-rigen tura kaya sun gudu kafin a rufe. Sai jajayen takardu a bakin ƙofofi da 'yan itatuwan lemo a tukwane. Su suke ce masa bazara, ni dai sanyi na gani da yayyafi. Allah ya taimake ni da wata Hajiya Rabi 'yar Maraɗi da ke shirin komawa, ta bar min ragowar guzurinta: kuka, daddawa, ƙuli-ƙuli da busasshen zogale. Kabewa da alayyahu akwai su a kasuwa. Yakuwa kam duk wanda na nuna wa hotonta sai ya ce "meyo," wato babu, dole na nemi tsamiya. Awara kuwa ga ta nan tuli, fara sol, da ɗuminta. Ashe awara 'yar nan ce, a Kano take baƙunta.

Ranar, ina idar da Asuba na shiga kicin. Ƙullun waina ya tashi, na soya a wani kaskonsu mai ramuka da Maryam ta samo min a madadin tanda. Na yi ɗan wake, na daka sabon yaji babu tafarnuwa. Na kwaɗa zogale da ƙuli. Na soya awara. Taushen ce ta ba ni wahala. Sau uku ina ɗanɗanawa ina jin gurbin albasa kamar gurbin haƙori. Na ƙara citta, na ƙara gyaɗa, na ƙona daddawa a bakin wutar gas yadda kike yi a murhu, har Walida ta toshe hanci ta gudu. A karo na huɗu na ji miyarki a bakina. Sai da na ajiye ludayin na ɗan dafa bango.

Da hantsi Popo ta iso cikin jar riga mai kauri, rungume da wata tukunyar ƙasa a naɗe cikin tawul. Ba ta saki fuska ba. Na jera komai a kan teburinsu mai zagaye, na yi mata sannu da zuwa, sannan na yi abin da kika koya min. Na koma kicin, na ja ƙofa, na zauna a kan 'yar kujera.

Ke kika ce, "Baƙo ba ya sakin jiki ana ƙirga masa loma." Ke kika ce gaban suruki ko ruwa za a sha a juya baya. Mahaifin yaran nan ya yi shekara ashirin da biyu yana zuwa gaishe ki, har ya koma ga Allah bai taɓa ganin kina tauna ba. Don haka na zauna a kicin raina fari, ina jin na gama girmama matar nan. Na kasa kunne in ji ƙarar kwanuka. Shiru. Na ce ko addu'arsu suke yi. Shirun ya yi tsawo, sai na ji an ja kujera baya.

Maryam ce ta turo ƙofa, idanunta sun yi ja. Ta durƙusa yadda ta ga ana yi, ta ce, "Umma, ba wanda ya ci." Da guntuwar Hausarta ta fahimtar da ni cewa a wurinsu yara ba sa kai hannu sai manya sun fara, kuma Popo ni take jira tunda ni ce mai girki. Ta ce a teburin wannan biki, kujerar da aka bari babu kowa ta wanda ya yi nisa ce ko wanda ya mutu. Ni kuwa ga ni da raina a bayan ƙofa. Ta ce mahaifiyarta ta ɗauki jakarta.

Inna, sai a lokacin na gane. Zuwa uku ina tashi in ba ta wuri don kunya, ita kuma tana ganin zama kusa da ita ne ba na iyawa. Kuma in zan faɗa miki gaskiya, tunda ke ba a yi miki ƙarya, ba duka ne kunya ba. Akwai 'yar ƙyamar a ciki, na lulluɓe ta da sunan tsantseni.

Daga kicin zuwa teburin nan taku biyar ne, amma ban taɓa tafiya mai nauyinta ba. Na ja kujerar na zauna. Angonki ya ɗaga kai yana kallon rufin ɗaki, don shi ma tun da ya yi gemu bai ga ina cin abinci ba. Popo ta daɗe a tsaye da jakarta. Can ta zauna a bakin kujera, ta kwance tawul ɗin, ta buɗe tukunyarta. Kabeji ne da tsiron nan na jikin itace da ake ce wa naman kaza, da fatar awara, da wata taliya siririya kamar zare. Ta sa tsinkayen cin abincinsu ta ɗebo, ta ajiye a kwanona, ta zuba min ido.

Maryam ta yi sauri ta ce tukunyar sabuwa ce, jiya aka saya, babu giya, babu komai. Na yarda. Amma akwai sauran abu ɗaya. Na taɓa zuwa gidan tsohuwar, na ga hoton mijinta da turare a gabansa, kuma na san a irin wannan rana ɗiban farko nasa ne, a gaban hoton ake ajiyewa. Abin da aka fara miƙa wa wanin Allah ba zan iya ci ba, ko gidan zai rabe biyu. Na sunkuyar da kai na tambaya a hankali, ina jin kunyar tambayar.

Maryam ta juya ta yi wa mahaifiyarta magana. Tsohuwar ta amsa a gajarce, idonta a kan tebur. Maryam ta ce, "Bana ba ta ɗebar masa ba. Na gaya mata in ta ɗeba ba za ki ci ba. Shekara tara ba ta taɓa fashi ba. Ta ce da safe ta ba shi haƙuri."

Matar nan ta hana mamacinta don ni in ci, Inna. Ni ban yarda abincin yana isa gare shi ba, amma ita ta yarda, kuma na san abin da ke cikin saɓa wa wanda ba ya nan balle ya ce ya yafe.

Na yi Bismillah a fili, na ci. Gishiri bai ji ba, ba zan ɓoye miki ba. Na cinye, na miƙa kwanon ta ƙara min. Sai ta ajiye jakar a ƙasa, ta cire rigar sanyin ta rataya a bayan kujera.

Ɗan wake ya ba ta aiki. Duk wanda ta kama da tsinke sai ya sulluɓe, har ɗaya ya faɗa cikin shayinta. Ta yi wata magana da yarensu, Maryam ta ƙi fassarawa, da alama zagin ɗan waken ta yi. Na miƙa mata cokali. Da ta kai taushe hanci sai ta ɗago da mamaki, ta ce su ma suna da baƙin wake mai irin wannan warin, kakarta ce ke yi a tulu. Waina huɗu ta ci, na ƙirga, Allah ya yafe min.

Jiya Alhamis ta zo ba wanda ya kira ta. Ta shigo har kicin, ta tsaya a bayana tana kallon yadda nake ƙona daddawa. Ba ma jin yaren juna, amma mun yini.

To ga abin da na yi, Inna. Na zauna gaban suruka da ɗan fari na buɗe baki na tauna, abin da ba ki taɓa yi ba har kika bar duniya. Ina jin da kina nan za ki yi min faɗa, ki ce zaman ƙasar mutane ya cire min kunya. In kin gama faɗan kuma ki rage murya ki tambaye ni ko baƙuwar ta ci da yawa. Ta ci, Inna. Har ta tafi da saura a tukunyarta.

Ki yafe min inda na kauce. Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Malam da mahaifin yaran nan, ya sa duk cikin da kika ciyar ya zama shaida a gare ki ranar da babu inuwa sai tasa. Ita kuma wannan tsohuwa, Allah ya saka mata da alheri, ya haska zuciyarta, ya bar ƙafarta a gidan 'yarta muddin ranta. Ni kuma ya raba ni da wulaƙanta mutum ina zaton ibada nake. Amin.

Wassalam.

'Yarki mai kewarki,
Sa'adatu