Kujerar da ke Bayan Matuƙa

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Su'ad ta sake tayar da maganar yau muna tsintar shinkafa a tsakar gida. Wai an fara ɗaukar waɗanda suka gama jami'a aikin sojan sama, za a rufe tsakiyar Satumba. Injiniyar jirgi take son zama, irin babanta. Na maimaita mata abin da na faɗa bara: ba da albarkata ba. Jirgin soja ya ɗauke min miji shekara goma sha shida da suka wuce, ya bar ni da 'yan mata biyu. Ba zan ƙara masa da 'ya ba.

Ta ce, "Ummi, ba fa inda ake neman sa hannunki. Ni ce dai na ce ba zan cike fom ba sai kin yarda."

To ki zauna. Ban yarda ba.

Litinin, 4 ga Agusta

Bappa Aƙilu ya taso tun daga Jekadafari da ranar nan don ya yi min nasiha. Ƙanin marigayi ne, ina girmama shi, amma yau da kyar na riƙe bakina. Wai, "Malama Lailatu, kwanan ɗan uwana ne ya ƙare, ba jirgi ne ya ƙarar da shi ba." Na ce na sani, Bappa, ni ma na yi karatun allo. Amma ni ce na yi takaba, ni ce na yi wa yarinya 'yar shekara bakwai bayanin dalilin da aka rufe akwatin ba a bari ta gani ba.

Ya sha kununsa ya tafi. Ko rakiya ban yi masa ba sai ƙofar falo.

Alhamis, 7 ga Agusta

Bizar ta fito. Najeeba, babbar 'yata, na ta murna a waya. Jikata Hanifa wata takwas, ban taɓa ɗaukarta ba sai dai in gan ta a bidiyo, tunda karatun Nabil, mijin Najeeba, ya kai su Istanbul. An yi hutun makaranta, ba ni da sauran hujja.

Tun rasuwar ban taka jirgi ba. Har kujerar Makka na bari ta wuce ni sau biyu. Malaman makarantarmu suna cewa tsoro ne. Ba tsoro ba ne, fushi ne, kuma ba wanda zan zauna yi wa bayanin bambancin.

Na ce wa Su'ad daga Gombe zuwa Abuja a mota za mu je, ni da ita.

Laraba, 13 ga Agusta

Mun iso. Na hau, na sauka, ban leƙa taga ba ko sau ɗaya. Daddawar ta iso lafiya, man shanun ne ya ɗan zuba a zanin Su'ad.

Hanifa ta ƙi ni da farko. Zuwa la'asar tana jan ɗankwalina.

Lahadi, 17 ga Agusta

Masallatai, jirgin ruwa, shayi a 'yan kofunan gilashi kamar na wasan yara. Kyanwoyi ko'ina, ba mai korarsu. Ƙafata ta kumbura amma ban faɗa wa kowa ba.

Ina lura da Najeeba da mijin nan nata. Da na shigo kicin sai su yi shiru. Akwai abin da ake dafawa banda tuwo.

Laraba, 20 ga Agusta

Na ce akwai abin da ake dafawa.

Da safe Nabil ya ce, "Ummi, yau bakin teku za mu kai ki." Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka, muka yi 'yar tafiya. Sai ga shingen waya mai tsawo, a bayansa jiragen yaƙi jere a fili, hancinsu duk yana kallon titi. Gidan tarihin sojan sama. Yaron nan ko kunya, wai ai tekun ma yana nan kusa.

Na ce ku shiga, a fito lafiya. Na karɓi Hanifa na zauna a benci a bakin ƙofa. Najeeba ta ce, "Ummi, don Allah." Na ce kar ki haɗa ni da Allah a kan shirin da kuka ƙulla a bayana. Su'ad ta bi bayansu ciki. Daga baya na gane ita ma ba ta san da shirin ba, na yayarta ne da mijinta.

Na fi rabin awa a nan. Rana ta dawo kan bencin, yarinya ta fara kuka, ruwanta kuma yana jakar uwarta. Dole na shiga nemansu. Don Hanifa na shiga, a rubuta haka.

Ɗakin farko duk kayan sarki ne a cikin gilashi, da huluna, da hotunan samari masu gashin baki. Ban tsaya ba. Na biyun ne ya tsayar da ni, kuma ba idona ne ya fara ba, hancina ne. Baƙin mai da ƙarfe. Warin da na shekara goma sha ɗaya ina wankewa daga rigunan marigayi, ina mita. Ashe ban manta ba.

Can na hango Su'ad a gaban wani injin da aka tsaga gida biyu don a ga cikinsa. Wani tsoho ma'aikacin wurin, gashinsa fari fat, yana nuna mata wani abu. Ba ya jin Turanci sosai, ita ba ta jin yarensu, amma hira suke. Ta juya hannunta, ya girgiza kai, ya juya nasa ta ɗaya ɓangaren, ta yi dariya ta dafe goshi. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin ta tafi bautar ƙasa.

Na miƙa wa Najeeba 'yarta na ce ni waje zan koma. Hanyar wajen kuma ta cikin filin jiragen ta bi. A ƙarshen layi akwai wani babba mai farfela, na ɗaukar sojoji da kaya, an buɗe shi mutane suna hawa. Ba sai an gaya min ba. Ba irin na su marigayi ba ne sak, amma ɗan uwansa ne.

Dā zan wuce abina. Tsohon nan ne ya biyo mu, ya dubi matakalar, ya dubi ƙafata, ya yi min alama da hannu wai kar in wahalar da kaina. Ni? Na tattare zanina na hau, ban kama ƙarfen ba ma.

Ciki ba komai. Wayoyi a fili, kujerun tamfol a jikin bango, zafi kamar tanda. Ban san me na zata zan gani ba. Shekara goma sha shida ina ganinsa a raina kamar wani dodo, ashe wata tsohuwar motar kaya ce mai fiffike.

Su'ad ta hawo bayana. Ta nuna gaba, bayan igiyar da aka tare wurin matuƙa da ita. Kujeru biyu, sai wata guda a bayansu.

"Irin wannan ce tasa, Ummi. A nan injiniya yake zama. Shi ke duba agogunan nan duka, shi ke sauraren injin."

Na ce wa ya gaya miki?

"Oga Nehemiah."

Abokin aikinsa, mutumin Kaltungo, wanda ya kawo min jakarsa bayan kwana uku. Ashe duk shekarar da ta yi a Kaduna tana bautar ƙasa, kowace Asabar tana gidansa yana koya mata. Ba wanda ya gaya min.

Na daɗe ina kallon kujerar. Fatarta ta tsattsage. Abin da ya fi damuna shi ne ban taɓa tambayarsa a ina yake zama ba. Shekara goma sha ɗaya. In ya fara labarin aiki sai in ce ya cire takalmi tukuna.

Na juya na ce mata, in kuna zaton wannan zai sauya min ra'ayi, kun yi asarar tikiti.

Ta ce, "Ban zata ba. Ba zan cike ba, Ummi, na riga na faɗa. Amma kar ki ce in daina so, wannan ba a hannuna yake ba."

Na sauko. A saukowar na kama ƙarfen.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ban yi wa Nabil magana ba yau. Ya sayo min gasasshen kifi. Na ci, ban dai yi magana ba.

Asabar, 23 ga Agusta

Najeeba ta same ni ina ninke kaya. Wai ta ba ni haƙuri, sai ta ɓige da, "Ummi, ni ban taɓa son komai kamar yadda Su'ad take son wannan ba. Tsoro nake ji ta bi maganarki." Na ce bin maganar uwa ne ya zama abin tsoro? Ta ce, "Nata dai, eh."

Tun tana yarinya bakinta ya fi ta.

Laraba, 27 ga Agusta

Gida. Ruwa ya cinye hanyar Gabukka, sai da muka zaga. Daga Abuja jirgi muka biyo, saboda ƙafata. Kar wani ya fassara shi da wani abu.

Talata, 2 ga Satumba

Bappa Aƙilu ya samo wa Su'ad aikin koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Shamaki. Ta karɓa. Ta durƙusa ta yi masa godiya yadda ya kamata. Ya dube ni ya ce, "To, Malama, kin samu yadda kike so." Na ce alhamdulillahi.

Na yi nasara ke nan.

Juma'a, 5 ga Satumba

Gidan ya yi shiru. Tana shara, tana girki, tana "to, Ummi" ga komai. Gudun da take fita yi bayan asuba ta daina. Dā ina faɗa wai budurwa tana tsalle a titi, yanzu sai in farka ina jiran ƙarar ƙofa, ba ta zo ba. Takalman gudun na gani a kwandon kayan da za a bayar.

Ba fushi take ba. Da fushi ne da na san yadda zan yi da ita.

Lahadi, 7 ga Satumba

Zan rubuta wannan sau ɗaya, ba zan sake karantawa ba.

Duk wanda ya tambaye ni, cewa nake da marigayi ya ji maganata da wuri ya bar aikin, da yana nan. Haka na faɗa wa 'ya'yansa. Abin da ban faɗa ba shi ne ya ji maganata. Shekara biyu ina masa kuka, ina ƙin cin abinci, har ya rubuta takardar ajiye aiki. Saura mako uku ya fita aka yi hatsarin.

Kuma na san yadda ya zama a watannin nan na ƙarshe. Mutumin da yake shigowa yana fito tun daga zaure ya koma shigowa kamar baƙo. Ya ci abinci, ya ce an gode, ya zauna yana kallon hannuwansa. Duk abin da na ce sai ya ce to. Na ga hakan, na ce zai saba. Ban samu na ga ko zai saba ba.

Yau da rana na ce wa Su'ad miyar ta yi gishiri. Ba ta yi ba, gwada ta nake. Ta ce, "To, Ummi, yi haƙuri."

Har yanzu ina da gaskiya. Jirgi yana faɗuwa, na fi kowa sani a unguwar nan. Ba wanda zai ce min ba ni da gaskiya.

Talata, 9 ga Satumba

Bayan sallar asuba na buga mata ƙofa na ce ta raka ni filin wasa na Pantami, likita ya ce in riƙa taka ƙafar nan. Ya faɗa ɗin, tun watan Maris. Na ce ta ciro takalmanta daga kwandon, ba ni da kuɗin sayen wasu don ta yi kyauta da masu kyau.

Na yi zagaye ɗaya ƙafar ta ƙi, na zauna. Na ce tunda an zo, kar a yi asarar mai, ta zaga mu gani. Ta tsaya tana kallona. Na ce me kike kallo, hanya tana gabanki.

Zagaye takwas, minti goma sha tara da 'yan daƙiƙu. Na duba a waya. Ta dawo tana haki kamar tsohuwa, mako biyar ba motsi. Wasu samari a gefe har da murmushi. Na ce mata babanki yana da shekara arba'in ya fi wannan.

Ta ce, "Ummi, me hakan yake nufi?"

Na ce yana nufin ba ki da sauri.

Da muka dawo na kwashe takardar haihuwarta da ta ƙaramar hukuma, waɗanda fom ɗin ke buƙata, na ajiye mata a kan gado. Sun cika min durowa ne. Ban ce na yarda ba, kuma in Bappa Aƙilu ya zo yana min dariyar nan tasa, ba zai sha kunu a gidan nan ba. Ni dai ba za a ce 'yar Lailatu ce ta zo ta ƙarshe a gudun gwajin soja a gaban mutane ba.

Gobe ƙarfe shida. Sai ta sauko zuwa minti goma sha bakwai.