Ɓarawon Gwaji

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Na fara aiki wurin Oga Joseph a unguwar Nombakélé. Injiniya ne, mutumin Kafanchan. Ya ce aikina sata, yana dariya. Ƙarfe tara in ɗauki farar Corolla in ɓoye ta inda na ga dama a Libreville. Akwai ɗan akwati a jikinta, bai kai sandar sabulu ba. Barci yake yi. Sai an tashe shi daga ofis ya fara kuka ta rediyo, su Oga kuma su bi kukan a bas mai eriya huɗu a ka. In gwaji ya yi kyau za a sa wa taksin gari.

Hukumar sadarwa ta ba mu kwana talatin. Mitar rediyo ɗaya tak, ƙarfi kaɗan, daga tara zuwa ɗaya na rana. Duk inda motar ta tsaya sai an rubuta musu. Takardar izinin na manne a bango, da hatimi uku. Ni dai direba ne.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bayan kasuwar Mont-Bouët, tsakanin motocin ayaba. Minti ashirin suka same ni. Ko gyaɗata ban gama ci ba.

Litinin, 14 ga Oktoba

Madam Aïssatou ta hukumar ta zo da na'urar awo. Ba ta shan ruwan kowa. Ta ce masu jiragen ruwa na maƙwabtaka da mitarmu, in kukanmu ya tsallaka gidansu ranar za ta yage takarda. Yau saura layi ɗaya su iso ni, ƙarfe ɗaya ta buga, Oga ya kashe komai. Ina hango su ta madubi suna juyawa.

Laraba, 16 ga Oktoba

Ruwan sama tun safe. Na rasa wurin fakewa, yunwa kuma, sai na shiga garejin da Yaya Sabitu ke aiki a unguwar Derrière la Prison. Shi ya kawo ni garin nan, shi ya koya min tuƙi, ɗakina ma a gidansa yake. Garejin nan, mota kan shiga da fenti ɗaya ta fita da wani, ko ta fita a buhu. Ban taɓa tambaya ba.

Anti Kaltoumi, matarsa, ta aiko da shinkafa da kifi. Ina ci yana zagaya motar, hannu a aljihu. Ya sunkuya ƙarƙashin sitiyari, minti huɗu, sai ga akwatin a tafinsa. "Ƙane, motarka na da kaska." Ya jefa shi a gwangwanin biskit ya rufe, ya zauna muka ci tare. Na ce masa ta gwaji ce. Ya ce to ai ya gwada.

Sha biyu da rabi ya mayar da shi yadda yake. Yau ba su same ni ba.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Oga bai yi barci ba, idonsa ya nuna. Ya tambaye ni ina na shiga. Na ce wani gareji mai rufin kwano biyu, ga kwantena a gefe. Duk gaskiya ne. Ya zana jan da'ira a taswira, ya ce ƙarfen ne ya shanye kukan. Zai roƙi hukuma ta ƙara mana ƙarfi.

Na sa hannu a littafinsu.

Talata, 22 ga Oktoba

Nkembo, bayan gidan burodi. Minti sha ɗaya.

Laraba, 23 ga Oktoba

Amsa ta zo. Madam ta ce ba ta ƙara wa kowa ƙarfi a kan labari. Ranar Litinin za ta je wurin da kanta ta auna, da ɗan sanda ɗaya, don haka dokarsu take in za a shiga wurin mutane. Ni zan yi jagora.

Jiya na ga jar taksi a garejin, an cire lamba, rosari, carbin Kirista, na lilo a madubi har yanzu. Ɗan sanda ba sai ya iya awo ba kafin ya gane motar sata.

Da yamma Anti Kaltoumi na yi wa ƙaramarsu kitso a ƙofar gida, Yaya na kankare mai a farce da ashana. Na zauna kusa da shi na daɗe. Muka yi hirar ƙwallo.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Ban faɗa wa kowa komai ba. In na gaya wa Yaya, za su kwashe motocin, mai jar taksi ya rasa tasa. In na yi shiru, Litinin.

Mai taksin ma ban san shi ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba

Bayan masallaci na koma ofis. Oga shi kaɗai, yana cin burodi da sardin a kan taswira. Na ce ba kwano ba ne, hannu ne. An cire akwatin an sa a gwangwani.

Ya ajiye burodin. "Hannun wa, Mahdi?"

"Na wanda ya san mota, Oga."

Ya dube ni har na ji kunya. Ya ce kwana tara na ci masa cikin talatin, kuma na sa shi ya kai wa hukuma ƙarya da hatiminsa. Na ce haka ne. Ya tambayi minti nawa mutumin ya yi. Da na ce huɗu sai ya rufe ido.

A gabana ya kira Madam da Faransanci ya janye roƙon. Abin da na tsinta: laifin wurin sa akwatin ne, ba na rediyo ba. Ta yi faɗa, ina jiyo muryarta. Ba za ta je ba, amma ba ta ƙara mana ko kwana ɗaya.

Bai kore ni ba. Ya turo min akwatin a kan tebur, ya ce tunda na san masu hannu, in nemo inda hannu ba ya kaiwa.

Laraba, 30 ga Oktoba

Kwana uku ina ƙarƙashin mota. Na tuno duk inda na taɓa ganin Yaya ya fara taɓawa: sitiyari, batir, bayan rediyo, ƙasan kujera, but. Ashe na haddace ban sani ba. Na sami wuri. Madam ta auna, kukan na fita, bai tsallaka gidan kowa ba.

Jar taksin ba ta garejin. Akwai wata shuɗiya.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Na zo da Corolla gida, na ce wa Yaya ya duba min kaskar. Ya yi dariya ya cire riga. Minti goma. Ashirin. Anti ta kira shi cin abinci sau biyu. Bayan awa ɗaya ya fito daga ƙasa, bayansa duk laka.

"Babu komai a motar nan."

Na ce akwai. Na ce wata mai zuwa taksin gari za su fara sawa, kuma shi gyaran inji ma ya iya, kowa ya shaida.

Ya goge hannu a hankali, yatsa ɗaya-ɗaya. "Ina ka sa shi, ƙane?"

Na ce abinci na hucewa.

Talata, 5 ga Nuwamba

Takarda ta ƙare ƙarfe ɗaya. Madam ta sa hannu, ta sha ruwa rabin kofi. Yaya bai je gareji jiya da yau ba, wai bayansa. Yana amsa gaisuwata, a taƙaice.

Na so in zana wurin da na ɓoye akwatin a nan don kada in manta. Na fasa. Ya san inda nake ajiye littafin nan.