Akori-kurar da ke Kangon Bayan Gida

Asabar, 10 ga Afrilu, 1999

Yau Malam, maigidana, ya yaye tamfol ɗin da ke kan akori-kurar nan ta kangon bayan gida. Tun 'yarmu Sa'ida tana firamare motar take ajiye a wurin, yau ga ta a ɗakin miji da ɗa a baya. Kaji sun yi ƙwai a cikinta, ɓeraye sun cinye kujera, tayoyin sun nutse a ƙasa. Na leƙa ta katanga na gan shi da tsumma yana goge gilashi a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka.

Wata biyu ke nan da aka kai yaron nan makwancinsa. Na koma madafa na daka yajin da ba na bukata.

Talata, 13 ga Afrilu

Bai je kasuwa ba. Ya bar wa ƙaninsa rumfar huluna, ya tafi Ƙofar Ruwa neman batir da fulogi. Mutumin da ko fitila ta lalace sai ya aika a kira masa mai gyara.

Abin da ke cin raina ke nan. Shekara nawa yaron nan yana binsa? "Baba, a ba ni motar nan in tashe ta, wallahi injin lafiyarsa ƙalau." Shi kuma kullum amsa ɗaya, wai a bari a samu sarari. Har ya gama koyon kanikanci, har ya buɗe nasa wurin, har zazzaɓin nan ya zo ya ɗauke shi, sarari bai samu ba. Yanzu ya samu.

Ɗan fari ne. Ko a takardar nan hannuna ba ya iya rubuta sunansa. Yayansu nake cewa, yadda ƙannensa suke kiransa.

Alhamis, 22 ga Afrilu

Tuwo ya huce a kwano har la'asar. Baƙin mai a hannun rigarsa ta Juma'a. Ni zan wanke.

Juma'a, 30 ga Afrilu

Yaya Turai ta zo daga Shahuci. Ta tarar da idona ya kumbura, ko zama ba ta yi ba ta fara faɗa. "Haba 'Yardada, ɗan fari fa! Ki kama kanki. So kike a ce ba ki da kunya?"

Kunya. Da yana raye ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunansa ba, in ya dawo daga makaranta da sakamako mai kyau sai in kawar da kai in ce a kai wa kakarsa ta gani. Ranar rasuwar ma mata suna shigowa gaisuwa, ni ina zaune kamar ɗan maƙwabta ne ya mutu. To yaushe ne nawa lokacin? A ina zan yi kukan?

Mutum ɗaya ne a duniya ya san irin wannan ciwon, shi kuma yana kango, kansa a cikin inji. Tun ranar bai yi mini maganar yaron ba. Ko "Allah ya jiƙansa" a tsakaninmu mu biyu, babu.

Na gaya wa Yaya ta share mini ɗakin baya na gidanta. Ta yi dariya, wai da furfurata zan yi yaji. Ba wasa nake ba. Ko motar nan ta bar gidan nan ko ni in bari.

Lahadi, 9 ga Mayu

Tasata! Babbar tasar da Inna ta saka mini a kayan ɗaki, ita ya ɗauka ya zuba fetur ya jiƙa ƙananan ƙarafuna a ciki. Fetur ɗin da mutane suke wuni a layi ba su samu ba.

Na ɗauka na watsar a kwatar tsakar gida, har da ƙarafunan.

Ya shigo ya dubi tasar, ya dube ni. Na gyara tsayuwa, na shirya. Ina so ya yi faɗa, ya ɗaga murya, in samu abin da zan rama. Sai kawai ya naɗe wandonsa ya durƙusa a bakin kwata yana lalube da hannu. Dattijo mai jika. Ya tsinto su ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan kwali. Wata 'yar ƙaramar waya mai kamar murɗaɗɗen zare ce bai gani ba, ya yi ta nema har aka kira sallah.

Abin da ya ce kawai: "Da kin faɗa mini, da na nemi wani kwanon."

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ban ji daɗi ba, ban kuma yi nadama ba.

Laraba, 12 ga Mayu

Ina shara na ga wayar a gindin randa. Na ajiye masa a kan buta. Bai tambaya ba, ban faɗa ba.

Litinin, 17 ga Mayu

Yau na ji abin dariya, sai dai ban iya darawa ba. Alhaji Ado maƙwabcinmu ya leƙa kangon, ina jin su ta katanga.

"Malam Isyaku, sannu da injiniyanci! To in ta tashi ta ina za ta fita? Ko fiffike za ka sa mata?"

Sai a lokacin na tuna. Sanda aka shigo da motar nan lungunmu yana da faɗi. Daga baya kowa ya ja katangarsa ya ci taku ɗaya, shi Alhaji Adon ya gina dakali, aka kafa turken wutar lantarki a kwana, aka yi wa masallaci baranda. Yanzu mai kurar ruwa ma sai ya karkata yake wucewa. Motar nan ko sabuwa ta koma ba inda za ta.

Na kasa kunne in ji ya ji kunya. Sai na ji ya ce, "Na sani, Alhaji. Na auna tun kafin in fara."

Ya sani. To me yake yi? Wa yake gyara wa?

Asabar, 29 ga Mayu

Rediyo tun safe, an miƙa mulki, soja sun koma bariki. Maza sun cika ƙofar gida ana ta musu, wannan ya ce yanzu mai zai wadata, wancan ya ce duk ɗaya ne. Yayansu ya yi ta ɗokin zaɓen nan, katinsa yana nan cikin aljihun rigar da na kasa bayarwa sadaka. Bai kai ranar ba.

Ana cikin rantsuwa sai na ji wata ƙara daga kango, kamar tsoho mai tari. Ta yi sau biyu ta mutu. Can ta kama da gaske, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, kaji suka watse, shanyata duk ta yi wari. Mutanen ƙofar gida suka bar rediyo suka yi kango suna kabbara.

Na toshe kunnena. Ƙarar nan na san ta. Da ita nake gane sun dawo daga cin kasuwar ƙauye, shi da ubansa, yana tsaye a baya ya riƙe ƙarfe, fuska duk jar ƙasa, yana kiran a kawo ruwa.

Ba wanda ya tambaye ni ko ina son in sake jin ta.

Juma'a, 4 ga Yuni

Na ɗaure kayana a zani biyu. Suna bayan ƙofa. Ya gani ya wuce.

Talata, 8 ga Yuni

Ruwan sama tun hantsi. Ya fita da gudu ya rufe motar da tamfol, ya dawo sharkaf yana tari. Na dafa masa citta da kanumfari, na dangwarar a gabansa har ta zube. Ya sha.

Sa'ida ta aiko a tambaya ko gaskiya ne abin da ta ji. Na ce a gaya mata ranar Alhamis ta makon gobe zan tafi gidan Yaya.

Laraba, 16 ga Yuni

Kwana biyu yana fama da birki. Ina jinsa, ya shiga gaba ya taka, ya fito ya kwanta a ƙasa, ya tashi ya koma. Ashe aikin ba na mutum ɗaya ba ne. Alhaji Ado ya ce zai turo masa wani daga gidansa, ya ce a'a, a bar shi. Taurin kai kamar na Yayansu. Gobe dai ina tafiya.

Alhamis, 17 ga Yuni

Na yi wanka na saka mayafi. Sai ga shi a ƙofar ɗaki da sifana a hannu, bai dubi kayan ba, bai dube ni ba.

"Ko za ki taka mini birki kafin ki fita? Iska ce a ciki. Sai wani yana takawa ni ina kwancewa daga ƙasa."

Na ce duk garin Kano ba a samu mai ƙafa ba sai ni? Ya ce, "Ba na son kowa ya zauna a kujerar."

Ban san abin da ya kai ni ba. Na bi shi ta ƙofar baya. Ya shimfiɗa buhu a kan kujerar saboda zanina, ya nuna mini wanda zan taka, na tsakiya. Ya shige ƙarƙashi, ƙafafunsa kawai nake hange.

"Taka. Taka. Taka. Riƙe."

Na riƙe. Abin ya sulale ƙasa a hankali.

"Saki. Taka kuma."

Na taka da duk haushin da ke cikina, har motar tana girgiza. Muka yi ta yi, daga wannan taya zuwa waccan. Muna kan ta uku sai na ji muryarsa daga ƙasa, ba irin ta ɗazu ba.

"Haka yake takawa shi ma. Kamar mai faɗa da ita. Ranar da na fara ɗora shi a nan ƙafarsa ba ta kaiwa, sai da ya zamo daga kujera, kansa ya ɓace, ni ina ta ihu ga jaki a gaba."

Ya yi 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ina ganin yatsun ƙafarsa suna motsi a cikin silifa. Bai ce saki ba, ni ma ban saki ba. Na riƙe sitiyari na yi abin da ban yi ba ranar gaisuwa, da ƙarfi, ban rufe baki ba. Shi a ƙasa, ni a sama, ba mai ganin fuskar wani. Har ƙafata ta yi sanyi.

Can ya ce, "Saki, 'Yardada."

Saura taya ɗaya, man birkin kuma ya ƙare. Ya ce sai gobe in ya sayo.

Ban huce ba. Kada ya ɗauka na huce. Na dai aika wa Yaya cewa yau ba zai yiwu ba, akwai aikin da ba a gama ba.