Ekaran Ɗina Ya Ƙi Farkawa, Sa'ida Ta Koma Teburin Hamidu

Malam Muhyiddeen, don Allah ka taimake ni tun kafin in aikata abin da za a riƙa ba da labarinsa a bakin gada. Na rasa wanda zan faɗa wa a nan Gaya bai yi mini dariya ba.

Ina aiki a shagon kawuna Jibo, kan hanyar da kamiyoyi, manyan motocin kaya, ke jeruwa kafin su haye gada zuwa Malanville. Muna buga wa direbobi takardu, mu yi fotokopi. Mu biyu ne, ni da Hamidu, ɗan ƙanwar matar Kawu. Shi ya yi lakwal, wato boko, har kolej, in yana Faransanci sai ka ce rediyo ya haɗiye. Ni ban taɓa zama aji ba. A jikin motoci da allunan shaguna na koyi haɗa baƙi, ordinatè ma, wato kwamfuta, da kaina na koya, kuma ba yabon kai ba, yatsuna sun fi nasa gudu. Kowa ya sani.

Da aka kawo wa Kawu babban ekaran na hannu daga Kwatano, wato allon da ordinatè ke nuna hoto a kai, ni na ɗauka, don na riga Hamidu zuwa shagon. Na haɗa shi yadda ya kamata. Ramuka biyu ne a bayansa, ordinatè ɗin ma haka, sai na sa waya biyu, ta HDMI da tsohuwar mai shuɗin kai, VGA. Ni ɗan bakin kogi ne, mahaifina bai taɓa ɗaure jirgi da igiya ɗaya ba. In ɗaya ta saki, ɗaya na riƙe. Hamidu kuwa yana nan da ɗan ekaran ɗinsa kamar faranti, waya ɗaya tal.

Sai ga Sa'ida. Ɗiyar maƙwabcinmu ce, mahaifinta ya roƙi Kawu ta riƙa zuwa koyon buga takarda, aka zaunar da ita a teburina. Malam, ba zan ɓoye maka ba, ita nake so in aura. Ban dai faɗa mata ba tukuna.

Wutar shagon ta panon hasken rana da batir ce, don haka Kawu ya sa doka, dole ekaran ya yi barci in ba a taɓa shi ba. In muka dawo daga azahar, na Hamidu ko ƙuda ya sauka a kan suri, ɗan ɓeran nan na ordinatè, sai ya farka. Nawa fa? In girgiza suri, in daki maɓallan kilabiye, ƴar fitilarsa ta kama, amma fuskar baƙa ƙirin. Wani lokaci ya kawo hoton bango kawai, takardar da ake bugawa ta yi ɓatan dabo. Sai in zare wutar gaba ɗaya in sake kunnawa. Haka na yi ran da Sa'ida ta sha wahala tun safe a kan takardar wani direba ɗan Tounouga, aikin duka ya tafi. Direban ya zage ni tas da Dendanci a gabanta. Washegari na tarar ta ja kujerarta ta koma teburin Hamidu.

Na gwada hana ekaran ɗin barcin kwata-kwata, batir ya fara kuka tun rana ba ta yi sanyi ba, Kawu ya wanke ni ba sabulu.

To ga abin da ya sa na ce da hannun mutum a ciki. Hamidu yana iya tayar da ekaran ɗina. Sai ya taso yana wani murmushi, ya sa yatsa ƙarƙashin ekaran ya danna wani abu, hoto ya dawo, Sa'ida na kallo. Ya ce in zo ya nuna mini, na ce ya riƙe iliminsa ya dafa ya ci. Wata rana kuma na dawo masallaci na same shi tsugune bayan teburina yana kwance shuɗiyar wayar. Na ture shi har ya bugi injin fotokopi. Wai taimakona yake. Taimako? Wanda ya san yadda ake tayar da abu ai shi ya kwantar da shi. Tun ranar ko sallama ba ta haɗa mu.

Yanzu in na zauna gaban baƙin gilashin nan, su nake gani a ciki kamar madubi, yana nuna mata abu, tana dariya. Abin da ya fi ƙona ni, kullum in za ta tafi sai ta tsaya ta tambaye ni ko na gyara. In ba ba'a ba, mene ne wannan? Har cewa ta yi ekaran ɗin Hamidu ƙarami ne, yana sa ta ciwon ido. To me ya ɗaure ta can?

Juma'ar nan na yi niyyar tara su gaban Kawu in ce ko ni ko shi. In ya zaɓe shi, in haye gada, ba su ƙara ganina. Ka gaya mini me ya yi wa na'urata, da yadda zan kama shi dumu-dumu.

Wanda aka ƙwace wa kujera, Gaya

AMSA

Ɗana, ka sha ruwa ka saurara. Wanda kake nema ka kama yana bayan teburinka, kuma da hannunka ka sa shi.

Mahaifinka ya yi gaskiya a kan jirgi, amma ekaran ba jirgi ba ne. Da ka sa waya biyu, ordinatè ɗinka ya ɗauka ekaran biyu gare shi. Ya ajiye aikinka a ɗaya, ya bar ɗayan fanko. In ekaran ya yi barci ya farka, sai ya laluba ya kama ƙofar da ta fara amsa masa, kuma bisa bayaninka sau da yawa ta VGA yake kamawa, inda babu komai sai baƙi ko hoton bango. Takardar Sa'ida tana nan lafiya a ɗaya ƙofar. Zare wutar da ka yi ne ya kashe ta. Maɓallin da Hamidu ke dannawa kuwa na sauya ƙofa ne, za ka ga an rubuta Source ko Entrée a kansa.

Ka cire shuɗiyar wayar, ka bar ta HDMI kaɗai. Ka shiga saitin ekaran ɗin ta maɓallansa ka tsayar da shi kan HDMI, ka kashe neman ƙofa da kansa. In ka ga wani barci mai zurfi na tattalin wuta, shi ma ka kashe. A cikin ordinatè ka bar ekaran ya mutu bayan ɗan lokaci, ka ga an bi dokar Kawu, batir ya huta. Kafin a tafi salla, a adana aiki. In bayan haka ya ƙi farkawa, ka kashe ekaran kaɗai ka kunna, kada ka taɓa soket. In abin ya ci gaba, ka ari wata waya, sannan ka gwada shi a ordinatè ɗin Hamidu, ka ga ko cutar tana bin waya, ko ekaran, ko na'ura. Eh, sai ka yi masa sallama kafin nan.

Ban wanke Hamidu tas ba. Bai kamata ya taɓa kayanka ba ka nan, kuma gyara da murmushi a gaban yarinya yana da ciwo, na sani. Amma wayar da ka same shi yana kwancewa ita ce na ce ka cire. Da yana son Sa'ida ta dawwama a teburinsa, da ya bar maka igiyoyinka biyu ya yi shiru. Ka ture mutum a kan gaskiya, ka ba shi haƙuri. Wanda ya koyi karatu a jikin kamiyo bai fi ƙarfin koyon maɓalli ɗaya daga ɗan'uwansa ba.

Sa'ida kuma, ban san zuciyarta ba, kai ma ba ka sani ba, tunda ba ka tambaya ba. Na dai san mai ba'a ba ta tsayawa kullum ta tambayi abu ɗaya, ta kuma kushe wurin da take zaune. Ta zo koyon sana'a ne, dole ta zauna inda aikinta ba zai salwanta ba. Ka daina kallonta a cikin gilashi, ka juyo.

Juma'ar nan ka je gaban Kawu kamar yadda ka yi niyya, amma ba da maganar ko ni ko shi ba. In ka haye gada, kai ka bar wa Hamidu kujera da babban ekaran da mai ciwon idon duka. Ka fara jin ta bakin yarinyar cikin mutunci. In ta amince, ka roƙi Kawu ya taka zuwa gidan maƙwabcinku. Wannan ce igiyar da ya kamata ka ɗaure tun farko, amma ka bar ta a ƙasa.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya sa albarka a yatsun nan naka masu gudu. In an sa rana, Hamidu ya buga katin.

Malam Muhyiddeen