Na Sallami 'Yan Rakiyarka, Yaya

Assalamu alaikum, Yaya Bukar. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ƙanwarka Hajara ce. Shekara uku ke nan da rasuwarka, ga shi yau na yi maka laifi, ban kuma san wanda zan kai wa ƙarar kaina ba sai kai.

Ruwa ya janye daga fadama. Kamar kullum ya tafi da turakun iyaka, ciyawar kacala ta rufe sauran. Shanun Arɗo Manu sun taso daga wajen Birniwa, Kawu Sale kuma ya shuka wake har inda Arɗo ke cewa burtali ne, hanyar shanu zuwa mashaya. Bulama, mai garinmu, ya sa zama gobe Asabar a ƙofar gidansa, ya ce in zo da kwamfutarka. Idan ba a tsayar da magana ba shanu za su shiga waken nan, kai ma ka san abin da ke biyo baya.

Ina tuna ka da wando a naɗe har gwiwa, kana bin gonaki da waya kana ɗaukar lambobin kowace kusurwa, ka dawo ka zuba a fayil guda. Na taɓa tambayarka me zai hana a raba shi shekara-shekara. Ka ce, "Takarda ɗaya, Hajara. In kika raba, wani zai ce an ɓoye tasa." Na riƙe maganar da hannu biyu. Sai dai ni ban iya tacewa irin taka ba, duk abin da wayar ta ɗauko nake juyewa, har takun da na yi zuwa sayen kifi. Fayil ya kumbura.

Ga kuma ƙananan manhajojin da ka liƙa wa manhajar rubutun, waɗanda kake kira 'yan rakiya. Ɗaya na zana taswira a gefe, ɗaya na ajiye kwafi duk harafin da aka taɓa. Akwai mai gyaran rubutu, wadda ba ta san sunan kowa a garinmu ba, ta ja wa kowa jan layi har Bulama. Sai wadda ka rubuta da hannunka, mai ba kowane gida launinsa.

Tun Litinin abin ya tsaya. In danna harafi, in je in ɗora tukunya in dawo, bai fito ba. Fankar kwamfuta na ta kuka, ƙasanta ya yi zafi, na ɗora ta kan bulo biyu ina mata fifita kamar mai jinya. Na kashe, na kunna, na sake kashewa. Na ɗauke ta har Haɗeja wurin mai gyara, ya ce lafiyarta ƙalau. A hanyar dawowa na haɗu da Kawu yana wasa adda, wai ta yankan ciyawa ce. Ban iya cin abinci ba.

Abokinka Isa na kira a Kano. Ya ce duk lokacin da na taɓa harafi, kowace 'yar rakiya sai ta karanta fayil ɗin tun daga farko har ƙarshe, kamar mutum huɗu kowa ya ce sai ya auna buhun gero kaf kafin a ɗebi mudu ɗaya. Ya ce in kashe su duka, in kuma raba fayil ɗin. Na ji haushinsa, Yaya. Shi manhaja yake gani, ni kuwa tun da ka tafi ban canza ko wurin zaman linzamin kwamfutar ba.

Kwana biyu ina kai-kawo. Yau da hantsi na zauna na kashe su ɗaya bayan ɗaya. Na bar taka a ƙarshe, na sake gwadawa ko fayil ɗin zai buɗu da ita, ya ƙi. Da na kashe ta, kafin in ɗauke hannu ya buɗe, baƙi da fari, babu launin kowa. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Da babu launi sai na bi layi-layi da yatsa, har na kai burtalin. A ƙarƙashin lambobin ka rubuta: Kawu ya shiga taku goma sha biyu, na faɗa masa, ya ce zai ja baya.

Bai ja ba, Yaya. Kawun da ya riƙe mu bayan Baba ne, shi ya wanke gawarka. Gobe zan tsaya gaban Bulama in karanta layin yadda ka rubuta shi, Kawu yana kallona. Fayil ɗin kuma ban raba ba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa wahalar da ka sha a taɓon fadamar nan ta zame maka nauyi a mizani. Ni kuma Allah ya sa muryata kada ta yi rawa gobe.

Ƙanwarka,
Hajara